Bana tsakanin tafkin Madarumfa da saurukan Tibiri

Assalamu alaikum ƴan'uwana masu koyo. Tunda an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa, shekarar koyona na kamun kifi da farauta ta zagayo ke nan, shi ya sa na zauna in ba ku labarin inda na kai. Alhamdu lillahi, shekara ta yi albarka. Gida an ci kifi an ci nama, maƙwabta ma sun ɗanɗana. Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne yanzu in na tsaya bakin ruwa ko gefen saura, akwai abubuwan da nake gani waɗanda bara nake wuce su ban sani ba. Na samu wannan ne don a kowace sana'a na lazimci wuri guda, na bi shi tun daga sanyi har bazara, har damina ta sauka ta ɗauke, ina bayan dattijon da ya san wurin.

Bari in fara da ruwa, don can na fi daɗewa.

Mu nan Maraɗi ba mu da kogin da ke gudu shekara duka. Gulbinmu daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗe da ruwan Rima. Da rani yashi ne zalla, har yara na buga ƙwallo a cikinsa. Saboda haka duk mai son koyon su, wato kamun kifi, da gaske, tafkin Madarumfa zai nufa, inda ruwa ke kwana har bazara. Tafki ne mai daraja tun kaka da kakanni saboda kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, a 2019 kuma aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Da fatsa na fara, kuma ina ba duk sabon shiga shawara da ita zai fara. Sanda, zare, ƙugiya, ɗan dalma da guntun ƙwarya ko ɓargon kara da zai yi yawo saman ruwa, duka ba su da tsada. Fatsa ce ke koya wa mutum halin kowane kifi. Karfasa tana tsattsagar tana a hankali, sai ka ga ɓargon yana rawa yana rawa bai nutse ba, in ka yi gaggawar fizga ƙugiya za ta fito fayau. Tarwaɗa kuwa ba ta shawara, nan take take jan zaren ƙasa. Da almuru da asuba ta fi ci, don da gashin bakinta take laluben abinci a cikin laka, kuma duk abin da ke da ƙarni tana so: tana, hanjin kaza, gina in an samu farkon damina. Ku kula da ƙayoyi biyun da ke gefen kanta. Ta bayansu ake riƙe ta, babban yatsa a gefe guda, manuni a ɗaya gefen, a danne sosai kafin a zare ƙugiya. Kurungu ya fi ta mugun ƙaya, ga shi da gurnani in an fito da shi.

Masuncin da nake bi, wanda nake ce wa Baba, shi ya nuna mini abin da ya sauya mini tunani a kan karfasa. Wata safiya da ruwa ya kwanta, ya tsayar da jirgi a wurin da bai kai gwiwa ba, ya ce, "Yaro, duƙa ka duba ƙasa." Sai ga ramuka zagayayyu a kan yashi, kowanne kamar akushi, an share su tas. Namijin karfasa ne ke haƙa su yana gadi. Macen in ta zuba ƙwai sai ta kwashe su a baki, ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta ko cin abinci a tsakanin nan. Ranar ya cire wata daga kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale, ya buɗa bakinta a hankali, ƙwai cike, rawaya-rawaya. Ya mayar da ita ruwa ya ce, "Wannan ta baɗi ce." Tun daga nan nake duba maƙoshin kowace karfasa, in na ga ya kumbura ba ta shiga gorata.

Wannan ya kai ni ga maganar idon raga, wadda nake ganin ta fi kowace magana muhimmanci a sana'ar. Da yatsu ake aunawa: ka zura yatsunka a ido ɗaya ka ga nawa suka shiga. Mai yatsa uku ko huɗu ƙananan kifi suna sulalewa su wuce, su girma. Mai yatsa ɗaya ba ya barin komai. Mafi muni shi ne masu jan sange, wanda aka raba don kare yara daga cizon sauro, suna kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai farce ba. Raina yana ɓaci ƙwarai in na gani. Tafkin nan yashi da laka suna cike shi kowace damina, wurin kifi yana raguwa, to in an haɗa masa da sange me zai rage? Na roƙe ku, in za ku sayi raga a kasuwa ku zura yatsu kafin ku yi ciniki.

Jifan birgi kuwa, wato ragar da ake wurgawa ta buɗe ta rufe kifi, har yanzu ina kai. Na iya ninke shi a hannu, na iya ɗora wani sashe a kafaɗa, amma buɗewarsa cikakken zagaye sai jefi-jefi. Abin da na gane shi ne ƙugu ke yin jifan, hannu rakiya kawai yake. A fili nake gwadawa bisa yashin gulbi, don a can ana ganin siffar da ya faɗi. Ɗinkin raga ya fi zauna mini, yanzu in ƙaya ta yaga kalli ni nake gyara abina.

Da bazara, lokacin da bakin tafki ya ja baya laka ta tsattsage, aka kai ni haƙar gaiwa. Wannan kifi abin a yi tasbihi ne. In ruwa zai ƙafe sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jiki, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kube, ta bar ƴar ƙofa zuwa sama tana shaƙar iska, har ruwa ya dawo. Ƴar ƙofar nan ake nema. A yi hattara da bakinta, cizonta ba wasa ba ne.

Sai dawa. A nan kawuna ne malamina, tsohon mahalbi a wajen Tibiri, kuma tun ranar farko ya gindaya mini sharuɗɗa. Kafin komai a je wurin ma'aikatan gandun daji a ji ko an buɗe farauta, a yanki takarda. Dokar farauta ta 1998 ta hana farautar dare, ta hana cinna wa daji wuta don a kori nama, ta hana guba. Gandun Gadabeji da ke wajen Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, wurin kallo ne kawai. Can aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure, wajen Yamai, a 2018, kuma ina fatan wata rana in je in gan su da idona. Kudu kuwa, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, ba ma zuwa saboda ƴan bindiga. Kada kwaɗayin nama ya kai ɗayanku can.

Don haka farautarmu ta saura ce da gefen gonaki, da kere da karnuka, bayan an kwashe amfani. Kawu ya ce shekarun baya, bayan farin 1984, wuraren nan sun zama fako, ko kurege da ƙyar ake gani. Sassaben zamani ne ya dawo da su, da manoma suka riƙa barin tohon kututture yana girma. Yau ga sabara, ga kalgo, ga geza, ga gawo, kuma inda duhuwa take nan zomo da fakara suke.

Karatun sawu shi na fi jin daɗi. Da sassafe ake fita, kafin iska ta share rubutun dare kuma kafin dabbobin kiwo su tattake. Sawun zomo yana da ban mamaki: dogayen sawu biyu a gaba, ƙanana biyu a baya ɗaya bin ɗaya. Dogayen na ƙafafun baya ne, don in yana gudu suna tsallake na gaba su sauka, saboda haka inda dogayen suke nan ya dosa. Zomo kuma ba ya shiga rami, a gindin sabara yake lafewa, kunnuwa kwance, sai ka kusa taka shi zai zabura. Kawu yana cewa, "Ɗana, kada ka nemi zomo, nemi idonsa." Haka ne kuwa, jikinsa launin ƙasa ne, ƙwayar idon ce ke sheƙi. Fakara kukanta ke tona ta da asuba da yamma. Zabin daji sun fi kowa wayo, ɗaya na hango ka duk garken ya watse, kuma bana kallo kawai na sha a wurinsu.

Ana sakin kare da bisimilla, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta koyar, in kuma an tarar da naman da rai a yanka shi nan take. Wuƙa mai kaifi ba ta barin ƙuguna. Da ruwan farko ya sauka muka rataye kere, don lokacin ne zabi da fakara ke kwanci, ba mu sake fita ba sai yanzu da aka gama girbi.

Abu ɗaya da ya taimake ni a duka biyun shi ne ɗan littafin da nake rubutu bayan kowace fita: wata nawa ga wata, ina iska ta fito, ruwa ya kai ina, da me kifi ya ci, a gindin wane icce na ga sawu. Da na buɗe shi makon jiya sai na ga tarwaɗa ta fi ci a kwanakin da sabon ruwa ya shigo tafki da jan laka, abin da ba zan taɓa riƙewa da ka ba.

Baɗi in Allah ya kai mu ina so in zaunar da jifan birgi, in kuma koyi banda yadda ya kamata, don kifin kaka yana yawa ya fi ƙarfin tukunya. Baba ya yi mini alkawarin nuna mini yadda ake kafa gura, wato tarkon kifi, a bakin ciyawa. Duk wanda ya riga ni iya banda a cikinku, ina son ya gaya mini da wane icce yake turarawa da kuma yadda yake hana ƙwari shiga bayan ta bushe.