Hannun da ke buɗe ƙofar mutane

Maigidan da ya koya mini aikin makulli yana cikin waɗanda gobarar babbar kasuwar Terminus da ke Jos ta 2002 ta raba da shagonsu. Lokacin da na zo hannunsa, jarinsa bai wuce teburi ɗaya a bakin titi ba, da magagari uku, da filaya, da sukudireba, da wata waya da ya zura ɗanyun makullai, wato waɗanda ba a yanka ba tukuna, a jikinta. Da irin wannan jari ni ma na fara a wani lungu kusa da Bauchi Road, bayan ya sallame ni ya sa mini albarka.

Na daɗe a wurinsa bai bar ni na yanka makulli ko ɗaya ba. Tsohon kwaɗo ya miƙo mini ya ce in farke shi in mayar. A cikin yawancin kwaɗo da kubar da muke amfani da su akwai wasu 'yan sanduna ƙanana, galibi jeri biyar, kowane jeri da sifirin a kansa. Haƙoran makulli ne ke ɗaga kowanne zuwa daidai tsayinsa, sannan cikin ya juya. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ne ya fito da wannan fasali a shekarun 1860, kuma har gobe shi muke ci da shi. Wanda hannunsa ya san wannan, ɗauke wuta ba ya tsayar masa da aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 na daina tayar da janareta saboda makulli ɗaya, magagari nake ɗauka. Injin yankan ma sai da na kwashi adashi na saye shi, shi ma wanda aka riga aka yi amfani da shi.

Inda na so in rage kashe kuɗi ya zame mini asara shi ne wajen ɗanyen makulli. Na taɓa saro masu araha, ƙarfen ba shi da ƙwari. Ba a yi sati ba wata Hajiya ta dawo, makullin ya karye a cikin kubar ɗakinta, ta kwana a falo da jikokinta cikin sanyin Jos. Kuba sabuwa na saya mata daga aljihuna, sauran makullan kuma na zubar. Araha ba ta ado.

Af, tunda na ambaci sanyi: idan hunturu ya shigo kuba ta fara cijewa, don Allah a daina ɗura mata man gyaɗa ko baƙin mai. Ƙura ce ke manne wa man ta zama ƙullu a ciki. A goga bakin fensir a jikin makullin, a sa a cire sau uku ko huɗu, yawanci ya wadatar.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a shekarata ta farko bayan maigidana ya sallame ni. Wani mutum ya zo dab da magariba, shigarsa ta kamala, ya ce makullin ɗakinsa ya faɗi. Ranar ban yi cinikin kirki ba. Na bi shi, na buɗe ƙofar cikin 'yan mintuna, ya biya ni har da ƙari. Bayan kwana biyu aka zo aka tafi da ni caji ofis. Ashe ɗakin na ɗan haya ne da ya yi tafiya, shi kuma wannan ɗan mai gidan ne, ya kwashe kayan mutum wai yana bin sa kuɗin haya. Maigidana ne ya zo ya tsaya mini. A hanya bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Kai yaro, ka tambayi maƙwabta?"

"A'a, Baba."

"Ƙofar da ka buɗe, da hannunka aka shiga."

Na kwana ina tunanin ɗan hayar nan da ya dawo ya tarar da ɗakinsa wayam. Ban san shi ba, bai yi mini komai ba, amma ni na buɗe.

Tun daga ranar ba na taɓa ƙofa sai maƙwabci ya shaida, in abin da rikici sai mai unguwa ya san da shi. Wanda ya kawo mini sabulu da shatin makulli a jiki, ko hoton makulli a waya, ina ba shi haƙuri ya tafi, ko nawa ya ɗora a kan teburi. Wasu suna jin haushi, har da masu gaskiya a cikinsu, kuma ina jin nauyin hakan. Sai dai matan aure da 'yan kasuwar da ke aiko mini da makullin gida da na shago a hannun yaro, saboda wannan taurin kan suke aikowa.

Makullan mota na zamani masu ɗan guntun lantarki a ciki, waɗanda sai an haɗa su da kwamfutar motar kafin ta tashi, har yanzu na'urarsu ta fi ƙarfina. Idan aka kawo, wurin wani abokin sana'a nake turawa, ba na lalata wa mutum mota da sunan gwaji. Na shiga wani adashin saboda ita. Kafin kwasata ta zo, akwai littafi a ƙarƙashin teburina da nake rubuta kowace ƙofa da na buɗe: rana, unguwa, sunan mai ɗaki da na wanda ya shaida. Yaron da ke koyo a wurina yanzu shi ke riƙe biron.