Masu Kallo Sun Ƙaru a Intanet, Amma Kuɗin Fim Bai Ƙaru Ba

A shekarun da kaset da faifan CD suke ci a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, cinikin fim ɗin Hausa a fili yake. Furodusa ya gama aikinsa ya buga kwali, dillalai su karɓa su rarraba zuwa Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, mai kallo kuma ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, a kan wannan tsari masana'antar ta ginu, duk da ƙorafin da furodusoshi suka sha yi game da bashin dillalai. Masu tura fina-finai a waya da kuma fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa su ne suka karya wannan kasuwa, kuma da ta karye sai kowa ya zuba wa intanet ido yana jiran ta maye gurbinta.

Ta fuskar yawan masu kallo, intanet ta yi abin da faifai bai taɓa yi ba. An kafa YouTube a 2005, Netflix ya fara nuna fina-finai kai tsaye ta intanet a 2007, kuma a watan Janairun 2016 ya buɗe ƙofarsa ga ƙarin ƙasashe 130 a rana guda, har da Najeriya. A wajenmu, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ita ce ta saba wa mutane da fim mai dogon zango, sannan zaman kullen korona na 2020 ya tura jama'a zuwa YouTube, inda Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo ba tare da an buga faifai ko ɗaya ba. A yau Bahaushen da ke Yamai ko Kumasi ko Jidda yana kallon sabon kashi a daren da na Kano yake kallonsa.

Sai dai yawan masu kallo daban, yawan masu biya daban, kuma manyan kamfanonin da suka shigo Najeriya da jari mai kauri sun gane haka bayan sun tafka asara. Kamfanin iROKOtv, wanda Jason Njoku ya ƙaddamar a 2011 domin fina-finan kudu, ya shafe shekaru yana neman masu biyan kuɗin wata a cikin gida, amma a 2020 ya rage ma'aikata ya mayar da hankali ga 'yan Najeriya mazauna Amurka da Turai. Amazon ya shigo da ƙarfinsa a 2022, sannan a watan Janairun 2024 ya sanar da cewa ya daina ɗaukar nauyin shirya sababbin fina-finai a Afirka. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin ita ce darajar naira, wadda bayan an bar kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023 ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. Kamfanin da yake biyan kuɗin na'urori da dala, yana kuma karɓar kuɗin wata da naira, kullum lissafinsa baya yake komawa, in kuwa ya ƙara farashi sai masu biyan su gudu.

Akwai wani abu da nake ganin ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba, wato mai kallo a ƙasar nan ya riga ya biya kafin ya buɗe fim. Ya sayi data, wataƙila ya biya mai cajin waya saboda babu wutar lantarki, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuɗin kallon kashi ɗaya na awa guda ya ƙara nauyi. A zuciyarsa ya biya kuɗin fim, alhali ko sisi bai shiga hannun wanda ya shirya fim ɗin ba, domin kamfanin layin waya ne ya karɓe. Saboda haka idan aka ce masa ya sake biyan wani kuɗi a manhaja, sai ya ga kamar ana so a cuce shi sau biyu, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Wannan ne ya sa YouTube ya zama mafakar kusan kowa, tun da can kallo kyauta ne, masu talla ne suke biya. Ƙa'idar da aka sani ita ce tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda kafin ta fara cin kuɗin talla, daga nan kuma mai tashar ya riƙa karɓar kashi 55 cikin ɗari. Matsalar ita ce farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake zaune, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar abin da ake biya a kan na Ingila ko Amurka ba. Fim zai iya samun kallo miliyan guda, amma kuɗin da ya shigo bai rufe sallamar jarumai da hayar kyamara da abincin ma'aikata ba. Shi ya sa furodusa yake neman tallarsa ta kansa ya cusa a tsakiyar fim, daga masu maganin gargajiya zuwa dillalan filaye da masu shagon atamfa, wani lokaci har da 'yan siyasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan lissafi ya shiga cikin labarin kansa. Tun da kuɗi yana bin yawan mintoci da yawan makonni, labarin da zai ƙare lafiya a kashi goma sai a ja shi zango bayan zango, a cika shi da doguwar hira a falo, a kuma sa kowane kashi ya tsaya a kan rikicin da aka ƙirƙira domin kawai mutum ya dawo mako mai zuwa. Marubuci yana rubutu ana ɗauka, babu lokacin gyara, domin tashar da ta yi shiru na wata guda masu kallonta sun koma wata. Akwai masu ƙoƙari da suke riƙe ingancin aikinsu duk da haka, amma tsarin ba ya saka musu fiye da yadda yake saka wa mai jan labari.

Manhajojin gida irin su Northflix da Kallo sun yi yunƙurin dawo da tsohuwar al'adar biya kafin kallo, sai dai satar fasaha ta bi su har can. Sabon fim yakan fita da yamma, kafin gari ya waye an naɗe shi an watsa a Telegram, masu turawa kuma sun zuba shi a wayoyin mutane a kan kuɗi kaɗan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai fim damar neman a sauke aikinsa da aka sata daga intanet, amma bin sawun ɗaruruwan tashoshin da ba a san masu su ba aiki ne da yake buƙatar lauya da ma'aikata, ƙaramin furodusa kuwa ba shi da ko ɗaya.

A kan wannan duka sai ga batun tacewa. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Hukumar tana da hurumin da doka ta ba ta, amma an kafa ta ne a 2001, lokacin da ake kai fim guda a duba shi kafin a buga. Yanzu furodusa yana gama haɗa kashi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar sakinsa, kuma duk makon da ya tsaya jiran takardar izini, mai tallar da ya riga ya biya zai zo neman kuɗinsa.