Laraba, ni da Gwaggo da maganin suga

Tun asuba aka ɗauke wuta, zafin Birnin Kebbi kuwa ba sai na faɗa ba. Na sallami yara makaranta, na leƙa kasuwa na dace da kifin Yawuri mai kyau, raina fes.

Bayan la'asar na biya gidan Gwaggo. Ina kakkaɓe mata shimfiɗa sai ga katin metformin, maganin suganta, a ƙarƙashin matashi, ƙwaya biyu kawai aka ɓalle, alhali tun watan jiya Yaya ya sayo shi.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ce, "Ai na warke, 'yar nan. Da na koma asibiti yarinyar ta soki yatsana, ta ce suga ya sauka, ya yi kyau. To mai lafiya me zai yi da magani?"

Ba gardama take yi ba, wallahi har zuciyarta haka ta fahimta. A saninta magani irin na zazzaɓin cizon sauro ne, ka sha kwana uku ka miƙe. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ciwon suga lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa, kuma saukar da aka gani aikin ƙwayar ne. Ta ƙara da cewa yana murɗa mata ciki yana sa ta gudawa. Da na bi diddigi, ashe da sassafe take haɗiye shi ba ta sa komai a ciki ba, shi kuwa da abinci ake shan sa don ya rage wannan wahalar. Magana ce ta minti ɗaya, da a ce wani ya faɗa mata.

Na tura Auta ya ɗauko na'urar gwaji, ta nuna 290. Na ce mata lambar ta yi yawa sosai, domin ko gwajin da ake yi kafin a karya, daga 126 ake kiran sa ciwon suga. Ta yi shiru tana jujjuya carbi, can ta ce dama kwanan nan fitsari na yawan tashinta da dare, ga ƙishirwa, ita ta ɗora wa zafi. Tafin ƙafarta ma kamar ana tsira mata allura. Nan gabana ya faɗi, don suga a ɓoye yake cin jijiyoyi da ido da ƙoda, mutum yana yawonsa yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Har yanzu abin na cina. A gida an saba cewa Gwaggo taurin kai gare ta, ban yarda ba. Matar da ta bar fura da kunun zaƙi rana ɗaya don an ce ta bari! Abin da aka fahimtar da ita ta riƙe shi gam. Amma layi ya yi tsawo, likita na sauri, a miƙo takarda a ce safe da yamma, shi ke nan.

Ta sha ɗaya a gabana tare da tuwon dare. Gobe Yaya zai kai ta asibiti kafin ta karya, ni ma zan bi su. So nake likitan ya yi mata bayani da bakinsa, da Hausa, a tsanake, don maganarsa ta fi tawa nauyi a wurinta.