Modul Ɗin da Ba a Rubuta a Ko'ina Ba

Tunda zan bar wurin nan, gara wanda zai gaje ni ya ji wannan magana daga bakina.

Kowa a sashenmu ya tuna daren da sabar ajiya (kwamfutar da ke adana bayanan sashen) ta tashi ba ta ga faya-fayanta ba. Abin da aka kai wa manya shi ne wai na sabunta kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ba tare da gwaji ba. Ba haka aka yi ba. Direban katin da ke riƙe da faya-fayan, wato manhajar da ke sarrafa katin, ba ya cikin kanel; modul ne, ɓangaren da ake lodawa cikin kanel daga waje. Oga ne ya gina shi da hannunsa tun kafin a ɗauke ni, ya ɓoye fayil ɗin modul ɗin (.ko) a wata jaka tasa, ya sa wani ɗan rubutu yana loda shi da umarnin insmod duk lokacin da na'ura ta tashi. Bai sa shi a /lib/modules, jakar da ake ajiye modul, ba, bai yi masa rajista da DKMS, tsarin da ke sake gina modul ga sabon kanel, ba, balle ya rubuta a takardun aiki. Kowane modul yana ɗauke da tambarin kanel ɗin da aka gina shi dominsa, wanda umarnin modinfo ke nunawa a layin vermagic. Sabon kanel ya duba tambari, bai yi daidai ba, ya ƙi karɓa. A sabar gwaji kuwa babu wannan katin, ta yaya gwaji zai tona shi?

Ni na koma tsohon kanel ta GRUB (manhajar zaɓen kanel lokacin tashi), ni na gano musabbabin a saƙonnin kanel na dmesg, ni na mayar da direban ƙarƙashin DKMS don ya riƙa ginuwa da kowane sabon kanel. Da safe a taro oga ya ce yara ba sa haƙuri, yana kallona. Ban tanka ba, amma har yau abin yana ci mini rai.

Sauran darussan gajeru ne. Ka fifita umarnin modprobe a kan insmod, domin shi ne ke jawo modul ɗin da wani ya dogara da su. Kalmar blacklist a /etc/modprobe.d tana hana lodawa ta atomatik ne kawai, ba ta hana wani modul ya jawo shi. In ka canza saitin direban da ake buƙata tun farkon tashi, ka sake gina initramfs, wato ƙunshin fayilolin da kanel ke amfani da shi a farkon tashi.

Kafin ka taɓa kowace saba da ka gada, ka kwatanta modul ɗin da umarnin lsmod ya nuna an loda da abin da ke /lib/modules. Akwai wasu sabobi guda biyu a ɗakin sabobin da ban samu izinin bincikawa ba.