Tafiyata Hermanus, garin da ake sa wa rana ido

Daga Cape Town zuwa Hermanus kilomita wajen 120 ne. Da sassafe muka kama titin N2 ni da yayana da ke aiki a Afirka ta Kudu, muka haura Sir Lowry's Pass inda hanya ke nannaɗe dutse teku na can ƙasa shimfiɗe, muka wuce gonakin tuffa na Grabouw sannan muka karya kan R43. Yawancin masu zuwa garin manyan kifayen nan whale suke zuwa kallo a bakin gaɓa, ni kuwa cibiyar SANSA ce ta kai ni, hukumar sararin samaniya ta Afirka ta Kudu.

Wurin ba wani ƙyale-ƙyale, fili ne mai faɗi da ciyayi da 'yan ƙananan ɗakuna a warwatse nesa da juna. Na ce Yaya wai nan ne? Ashe da gangan aka yi haka, na'urorin auna maganaɗisun ƙasa ba sa son ƙarfe ko waya mai wuta kusa da su. Asali ma a jami'ar Cape Town aka fara aikin a 1932, da jiragen ƙasa masu lantarki suka riƙa rikita awo sai aka kwaso komai aka dawo nan a 1941. Tun lokacin ake auna abu ɗaya kullum ba fashi.

Ɗakin da ya fi tsaya min a rai shi ne na lura da yanayin samaniya da aka buɗe a Nuwamban 2022, wanda ake aiki cikinsa awa 24. Bango guda duk allo ne, ga hoton rana an nuno ta kala-kala, wata ja wata koriya, ga baƙaƙen tabo a jikinta, ga wasu layuka suna hawa da sauka. Ma'aikaciyar da ta zagaya da mu ta yi bayani a tsanake, cewa in rana ta yi aman wuta haskenta minti 8 ya iso mu amma gajimaren da ta watso sai ya yi kwana 1 zuwa 3 a hanya, to a wannan ɗan tsakanin ne su kuma suke sanar da masu jiragen sama da masu wutar lantarki da masu tauraron ɗan Adam su shirya. Kuma abin ya taɓa cin su, guguwar da rana ta watso a 2003 ta lalata wa Eskom, kamfanin wutar lantarkin ƙasar, manyan taransifoma, shi ya sa ba sa ɗaukarsa da wasa. Hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ma ta zaɓe su cikin masu ba da irin wannan gargaɗi.

Akasarin wannan kuɗin gwamnati ne ta hannun ma'aikatar kimiyya, kuma gaskiya nan ne abin ya taɓa ni, don wane ɗan kasuwa ne zai biya albashin mutane shekara sama da 80 suna rubuta lambobi alhali ba abin da za a saida gobe? Afirka ta Kudu ta sha fama da ɗauke wuta, ga rashin aikin yi, na san akwai masu cewa a fara da ciki tukuna kuma ban ga laifinsu ba, amma wanda ya ga kuɗin taransifoma ɗaya da watannin da ake ɗauka kafin a samo wata zai gane dalili.

A hanyar dawowa muka tsaya cin kifi da dankali a bakin ruwa, iska mai sanyi sosai, hira ta koma gida. Mu 'yan Najeriya da muke kusa da layin da ya raba duniya biyu, wato ikweta, sararin samanmu ya fi nasu rikita GPS, musamman bayan faɗuwar rana, kuma muna da cibiyar binciken sararin sama ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, a Anyigba jihar Kogi. Na ce wa Yaya in Allah ya kai mu hutu na gaba can nake son zuwa in ga da me suke aiki, ya ce to ya ji, shi zai tuƙa.