Abin da sashen yara masu sankarar jini ya koya mini

Lokacin da na fara aikin jinya a sashen yara masu cutar daji da cututtukan jini, na ɗauka duk wahalar aikin tana cikin auna magani da neman jijiya a ƙaramin hannu. Waɗannan na iya su cikin 'yan watanni. Abin da ya ci mini shekaru shi ne gane cewa rabin jinyar a gida ake yinta, a hannun iyayen da muke sallama da takarda ba tare da mun tabbatar sun fahimci abin da ke ciki ba.

Zazzaɓi ne ya fara buɗe mini ido. Maganin daji yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, kuma sukan yi ƙasa ƙwarai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa wa yaro shi. A wannan tsakanin, zafin jikin da ya kai digiri 38 lamari ne na gaggawa, domin ana so maganin ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin awa ɗaya da isowa asibiti. Wata uwa ta ba ɗanta farasitamol cikin dare, zafin ya sauka, ta jira gari ya waye, yaron kuwa sai da ya yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Ban ga laifinta ba, domin ni ce na yi mata bayani a gurguje ranar sallama. Tun daga nan ba na barin kowa ya tafi sai ya maimaita mini bayanin da bakinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da yaro ya fara wasa. A irin sankarar jinin da ta fi kama yara, alamun ciwo sukan ɓace cikin wata guda, alhali maganin yana buƙatar shekara biyu zuwa uku, kuma iyayen da hidima ta gajiyar sukan ɗauka an warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma ba su kai kashi 30 ba a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama, kuma yanke magani yana cikin dalilan. Shi ya sa duk yaron da bai zo ranar ganin likita ba, nakan kira iyayensa kafin in tashi daga aiki.