Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jan Biron Darakta

A makon jiya na tsaya a inda wani furodusa ya aiko gidanmu yana neman izinin mayar da littafina na uku fim. Lokacin littafin yana tashe a Kasuwar Sabon Gari, 'yan mata suna karɓar hayarsa a unguwanni har bangonsa ya yage. Na ce ba zan sayar da labarin ba, sai dai in rubuta fim ɗin da hannuna. Maigidana ya amince, da sharaɗin yayana ya riƙa raka ni.

Wata biyu na yi ina rubutu bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, ni da fitilar ƙwai. Shafi 140 na cika. A shekarar 2002 ne, da damina, muka kai shi ofishinsu da ke Titin Gidan Zoo a Kano.

Darakta ya karanta shafin farko, inda na zage ina bayanin yadda kishi ke cin ran uwargida ranar da za a kawo amarya. Sai ya zaro jan biro ya ja layi daga sama har ƙasa.

"Hajiya, kyamara ba ta ganin zuci," in ji shi. "Me hannunta yake yi a wannan lokacin?"

Na rasa ta cewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wannan shafin ne masu karatu suka fi yi mini wasiƙa a kansa. A hanyar gida yayana ya ce, "Ki yi haƙuri, gaskiya ya faɗa miki." Ban tanka masa ba.

Cikin dare sai na tuno Innarmu, ranar da Baba ya ƙaro aure. Ko hawaye ba ta yi ba. Zama ta yi a bakin madafa da tire a cinya, tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince tun da hantsi, guɗa na tashi a zaure, ita ko kai ba ta ɗaga ba. Na tashi na kunna fitila na rubuta haka, layi huɗu kacal.

Da darakta ya karanta, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ajiye biron ya ce, "Yauwa. Sauran shafi 139."

Shekaru da yawa bayan nan, ranar da aka kira sunana in karɓi kambun rubutun fim, tiren Inna ne ya fara faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za ku ji yadda kaset ɗin ya fito a Kasuwar Ƙofar Wambai babu sunana a jikinsa.